TARIHI: Al-Jazari, maƙerin da ya koya wa ƙarfe aikin bara da na mai gadi

Sarkin Amid, Nasiruddin Mahmud, wanda ake yi wa laƙabi da Malikus Salih, ba ya son bara ko kuyanga su tsaya a kansa suna zuba masa ruwan alwala. Sai ya kira babban maƙerin fadarsa ya umarce shi da ya yi masa butar da za ta ɗauke wannan aiki. Maƙerin ya dawo da babbar buta ta tagulla. Wanda ya kawo ta zai ajiye ta kusa da tasa ya ja da baya, tsuntsun ƙarfen da ke kan murfinta ya yi fito, sannan ruwa ya fara zuba daga bakinta a hankali har sarki ya idar.

An yi haka fiye da shekara 800 da suka wuce, a birnin da yau ake kira Diyarbakir, a kudu maso gabashin Turkiyya. Maƙerin shi ne Badi'uz Zaman Abul Izz ibn Isma'il ibn ar-Razzaz al-Jazari. Ana yawan tuna shi da agogon giwa, wanda aka sake ƙera irinsa aka kafa a babban kantin Ibn Battuta da ke Dubai, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a gindinsa. Amma yawancin aikin rayuwarsa a kan buƙatu biyu na cikin gida ya tafi: wa zai yi hidima ba tare da an aike shi ba, wa kuma zai tsare abin da aka kulle. Su ne buƙatun da masu ƙananan kwamfutocin gida na shekarun 1980 suka sake tasar wa, ba tare da yawancinsu sun taɓa jin sunansa ba.

Jikan mai shinkafa a ƙasar yaƙi

Kusan duk abin da tarihi ya riƙe na rayuwarsa daga gabatarwar littafinsa ya fito, sai kuma abin da sunansa ya nuna. Al-Jazari na nufin mutumin Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furat. Ar-Razzaz kuwa mai sayar da shinkafa ne, abin da ke nuna gidan 'yan kasuwa ya fito, ba gidan sarauta ko na alƙalai ba. Marubuta da dama suna sanya haihuwarsa a 1136.

Ya shiga hidimar gidan sarautar Artuk wajen 1181. Zuriyar wani kwamandan Turkawa ce, wadda ta rabu gida-gida tana riƙe da birane a Jazira, tana lallaɓa manyan maƙwabta don ta tsira. Reshen da ya yi wa aiki yana zaune ne a Hisn Kaifa, a bakin Dijla. A 1183 Salahuddin al-Ayyubi ya kewaye Amid ya ci ta, ya miƙa ta ga Nuruddin Muhammad, sarkin Hisn Kaifa, ladan biyayya da taimakon yaƙi. Ta haka fada ta sami sabon mazauni, maƙerinta kuma ya sami sabon wurin aiki.

Duk wanda ya san birnin Zazzau zai gane irin garin da Amid take. Ganuwa ce ta kewaye ta, mai tsawon fiye da kilomita 5, da manyan ƙofofi huɗu, sai dai ita da baƙin dutse aka gina ta, ba da jar ƙasa ba, shi ya sa take tsaye har yau. Duk da haka ba ta daɗe a gaban Salahuddin ba, domin mutanen gari sun riga sun gaji da mai mulkinsu, Ibn Nisan, ba su ga dalilin mutuwa saboda shi ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ita ma ganuwar Zazzau ba fasa ta Turawa suka yi a 1902 ba; sun shigo ne bayan Sarki Kwasau ya nemi taimakonsu a kan Nagwamatse na Kontagora, ba a jima ba kuma suka tuɓe shi.

Sarakuna uku al-Jazari ya yi wa aiki, uba da 'ya'yansa biyu. Nuruddin ya rasu a 1185, ɗansa Kuɗbuddin Sukman ya gaje shi. Masanin tarihi Ibn al-Asir ya ruwaito cewa Sukman ba ya ga maciji da ɗan'uwansa Mahmud, har ya naɗa wani bawansa mai suna Ayas magaji. Da Sukman ya faɗo daga saman bene ya mutu wajen 1200, manyan fada suka ƙi bawan, suka kira Mahmud suka ba shi sarauta. Wannan shi ne sarkin da ba ya son bawa ya tsaya a kansa da buta. Al-Jazari dai ƙin kawai ya ambata, bai ɗora masa fassara ba, amma mutumin da bawa ya kusa raba shi da gadon ubansa yana da dalilin son bara na tagulla, wanda ba ya ji, ba ya gani, ba ya kai labari.

Shi wannan sarki ne kuma ya sa aka sami littafin. Wata rana maƙerin ya kawo masa wani abu da ya ƙera, sarki ya duba ya yaba, ya nuna masa cewa asara ce irin wannan wahala ta tafi a banza, ya umarce shi da ya tattara ayyukansa a rubuce tare da zanensu. A lokacin ya shekara 25 yana hidimar gidan. An kammala littafin a 1206, shekara ta 602 bayan Hijira. Sunansa Al-Jami' bainal Ilmi wal Amal an-Nafi' fi Sina'atil Hiyal, wato wanda ya haɗa ilimi da aiki mai amfani a sana'ar dabaru. Na'urori 50 ya bayyana a ciki, a kashi shida.

Ruwa mai ba da umarni

Ba shi da wutar lantarki, ba shi da injin mai. Ƙarfin da ya dogara da shi nauyin ruwa ne, da kuma halinsa da kowa ya sani: yana gangara, yana cika mazubi a hankali, yana ɗaga abin da ba ya nutsewa, yana korar iskar da ya tarar. Fiton tsuntsun butar sarki daga nan ya fito. Ruwa ne ke shiga wani rufaffen ɗaki a cikin butar, iskar ciki ta rasa hanya sai ta bakin usur.

Tasar ɗawisu ta fi nuna inda tunaninsa ya kai. Mai wanke hannu zai ja wata toshiya a wutsiyar ɗawisun tagulla, ruwa ya zubo ta bakinsa. Ruwan da aka yi amfani da shi ba zubar da shi ake yi ba, yana taruwa ne a wani ɓoyayyen mazubi a ƙarƙashin tasar. A cikin mazubin akwai wani rufaffen ƙoƙo na ƙarfe da ke iyo kamar goran masunta. Da ruwa ya kai wani matsayi, goran ya taso ya tura sanda, ƙaramar ƙofa ta buɗe, mutum-mutumin bara ya fito da abin wanke hannu. Ana ci gaba da wanki ruwa yana ƙaruwa, sai gora na biyu da aka ɗora sama da na farko ya taso, wata ƙofar ta buɗe, bara na biyu ya fito da tawul. Ba a ba da tawul kafin sabulu, domin ruwan da zai ɗaga gora na biyu sai ya wuce ta kan na farko.

Wanda ya taɓa rubuta manhaja zai gane abin da ke nan. Sharaɗi ne da sakamako: in kaza ya cika, a yi kaza, sannan a jira sharaɗi na gaba. Bambancin kawai shi ne al-Jazari da tsayin gora da faɗin huda ya rubuta nasa umarnin, kuma wanda yake son sauya umarnin sai ya koma maƙera.

A babban agogonsa na ruwa, mai siffar fada, wanda tsayinsa ya haura mita 3, ya fuskanci matsalar da ta fi wannan wuya. Mutanen zamaninsa suna raba yini kashi 12 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, saboda haka sa'ar bazara ta fi ta hunturu tsawo, kuma kullum tsawon yana ɗan sauyawa. Dole agogo ya bi wannan sauyi. Sannan ruwa ya fi saurin fita in tanki yana cike, ya rage gudu in ya kusa ƙarewa, abin da zai ɓata lissafi. Ya magance ta biyu da wani ƙaramin mazubi a ƙarƙashin tankin, mai gora da toshiya a kansa: ruwa ya yi yawa goran ya taso ya toshe bututu, ya ragu goran ya sauka ya buɗe. Irin wannan dabara ce ke cikin tankin ban-ɗakin zamani. Ta farkon kuwa ya magance ta da wani faifai mai huda da ake juyawa kaɗan kowace rana. Ya faɗa a littafin cewa ya gwada rabon da magabata suka yi wa faifan ya tarar bai yi daidai ba, sai ya bar lissafin takarda ya dinga gwaji da ruwa har alamomin suka zauna. Kowace sa'a ƙofa ɗaya cikin 12 tana buɗewa, shaho biyu su saki ƙwallayen ƙarfe a kan kuge, a wasu sa'o'i kuma makaɗa biyar su buga ganga da ƙaho. An sake gina wannan agogo a Landan a 1976 bisa bayaninsa, ya kuma yi aiki.

Bai ɓoye waɗanda ya koya daga gare su ba. Ya ambaci littafin agogon ruwa da ake jingina wa Arkimidis, da 'ya'yan Musa ibn Shakir uku na Bagadaza, waɗanda suka rubuta nasu littafin dabaru a ƙarni na 9. Ya kuma ce tsarin da suka yi wa maɓuɓɓugan ruwa masu sauya siffa bai gamsar da shi ba, ya kawo nasa.

Akwai ɓangaren da masu alfahari da shi sukan tsallake. Na'urori 10 cikin 50 na majalisar shan giya ne. A cikinsu akwai kuyangar ƙarfe da ke fitowa daga ɗaki lokaci-lokaci riƙe da kofi, da wani kwale-kwale mai makaɗa huɗu da ake sakawa a tafkin fada. A cikin kwale-kwalen akwai sanda mai juyawa da aka kafa wa turaku, kowane turke in ya zo wucewa sai ya ɗaga hannun makaɗi. Farfesa Noel Sharkey na Jami'ar Sheffield yana ganin in aka sauya wa turakun wuri kiɗan zai sauya, don haka yake lissafa shi cikin na'urorin farko da ake iya tsara wa aiki. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, abin da aka yi kwale-kwalen dominsa nishaɗin masu mulki ne. Na'urorin ɗaga ruwa, waɗanda za su iya sauƙaƙa wa mai lambu jan jigo, biyar ne kacal a littafin, ko da yake a cikinsu ne famfonsa mai bututu biyu yake, wanda kogi ke juyawa, yana tsotso ruwa yana tura shi sama. Maƙeri abin da mai biyansa yake so yake ƙerawa, kuma rabon babukan littafin ya nuna abin da fadar Amid ta fi damuwa da shi.

Haruffa 12

A kashi na ƙarshe na littafin ya juya ga tsaro. Ya fara da ƙyauren da ya yi wa fadar Amid, mai ganye biyu na zubin tagulla, tsayinsa kusan mita huɗu da rabi, an lulluɓe shi da zanen taurari masu shiga juna, da maƙwanƙwasai masu siffar macizai biyu da kan zaki a tsakaninsu. Ya bayyana yadda ake zuba narkakken ƙarfe a cikin rufaffen akwatin yashi. Sannan ya kawo sakatu huɗu da ake ɗaurawa a bayan ƙyaure, mabuɗi ɗaya ya tura su sama da ƙasa da dama da hagu a lokaci guda.

Wanda ya fi su nisan tunani shi ne makullin akwati da ba shi da mabuɗi. A kan murfin akwai da'irori huɗu masu haruffan Larabci. A ƙarƙashin kowace da'ira akwai faya-fayai masu tsaga. Muddin tsagogin ba su jeru ba, farantin da ke riƙe da murfin ba zai motsa ba, kuma ba za su jeru ba sai an saita haruffa 12 daidai. Mabuɗin ƙarfe ana sace shi, ana ƙera irinsa, ana ƙwace shi daga ƙugun mai gadi. Wannan kuwa mabuɗinsa yana cikin kan mai shi. Abin da yau ake kira lambar sirri ke nan.

Ba shi kaɗai ya san wannan sana'a a zamaninsa ba. A gidan tarihi na David da ke Kofanhegan, babban birnin Denmak, akwai ragowar wani akwatin tagulla da Muhammad ibn Hamid al-Asturlabi na Isfahan ya ƙera a shekara ta 597 bayan Hijira, wajen 1200. Da'irorinsa huɗu ne, kowacce biyu-biyu, kowane faifai yana da mazauni 16. Jimlar yadda za a iya saita su 4,294,967,296 ce. Ɓarawon da zai gwada ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai shekara 136 kafin ya ƙure su. Masu ilimin kwamfuta sun san wannan adadi da ka, domin shi ne yawan adireshin da tsohon tsarin intanet na IPv4 yake iya bayarwa. Lissafi ne ya haɗa su, ba gado ba.

Daga fada zuwa falo

Sai da aka yi ƙarni bakwai da rabi kafin irin wannan hidima ta fara shiga gidan wanda ba sarki ba. A 1966 wani injiniyan kamfanin Westinghouse a Pittsburgh ta Amurka, Jim Sutherland, ya harhaɗa kwamfuta a gidansa daga rarar kayan aiki, ya sa mata suna ECHO IV. Tana daidaita zafin ɗaki, tana kula da agogunan gida, tana riƙe lissafin iyali, amma girmanta ya kai na manyan kabad da yawa. A wannan shekarar ce kuma Marie Van Brittan Brown, baƙar fata ma'aikaciyar jinya a unguwar Queens ta New York, tare da mijinta Albert, suka nemi rajistar wata dabara: kyamara mai hawa da sauka a bayan ƙofa tana leƙe ta huda, talabijin a ɗaki, makirfo na magana da baƙo, maɓallin buɗe ƙofa daga nesa, da wani na kiran agaji. An ba su rajistar a 1969. Dalilinta ba irin na sarkin Amid ba ne. Aikin dare take yi, unguwar ba lafiya, 'yan sanda kuma ba sa zuwa da wuri.

Abin da ya kai wannan tunani kasuwa shi ne X10, tsarin da kamfanin Pico Electronics na Glenrothes a Sikotilan ya ƙirƙiro a 1975, aka fara sayar da shi a Amurka a 1978. Ba ya buƙatar sabuwar waya. Umarnin yana bi ne ta wayar wutar da ke cikin bango, daga akwatin sarrafawa zuwa ƙaramin akwatin da aka soka wa fitila ko rediyo. Da kwamfutoci irin su Apple II da Commodore 64 suka shiga gidaje, sai aka fito da akwatin CP-290 da manhajarsa a tsakiyar shekarun 1980. Mai gida zai zauna gaban allo ya tsara cewa fitilar ƙofa ta kama da magariba, ta falo ta mutu da tsakar dare, ya tura jadawalin cikin akwatin, ya kashe kwamfutar. Akwai ma zaɓin tsaro da ke sa lokacin ya ɗan riƙa sauyawa kowace rana, don mai leƙen gida ya zaci da mutane a ciki. Tasar ɗawisu ce ta dawo, sai dai yanzu sauya umarni ba ya buƙatar guduma.

A wajen kulle kuwa, X10 bai kama ƙafar maƙeran ƙarni na 12 ba. Haruffa 16 yake da su na gida, daga A zuwa P, da lambobi 16 na kayan aiki, adireshi 256 ke nan gaba ɗaya, kuma ba ya tambayar wanda ya aiko da umarni. Maƙwabta biyu da ke kan taransifoma ɗaya, in suka zaɓi harafi ɗaya, ɗaya yana iya kashe wa ɗaya fitila daga ɗakinsa.

Ga mazaunin Wusasa ko Tudun Wada ko Samaru, labarin Marie Brown ya fi kusa da gida. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya da dare, suka kashe ɗalibi, suka tafi da malamai da ɗalibai. Mai hali yana sayen kyamara da waya mai ƙaya da ƙyauren ƙarfe, marar hali yana ba da kuɗin 'yan sintiri. Kayan zamanin kuma suna tsaye ne a kan abubuwa biyu da mai gida ba shi da iko da su, wuta da layin sadarwa. A ƙarshen 2021 hukuma da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihar Kaduna da sunan yaƙi da 'yan bindiga, kuma kyamarar da ke aika hoto zuwa wayar mai gida ba ta da abin yi a irin wannan rana. Maɓallin kiran agajin da Marie Brown ta zana ma amfaninsa yana ga wanda zai amsa a ɗaya ɓangaren. Wannan ɓangaren ba maƙeri ke ƙera shi ba, gwamnati ce.

Abin da ya rage

Fifikon al-Jazari a kan takwarorinsa ba yawan dabara ba ne kawai. Ya rubuta ne don wani ya iya maimaitawa. Yakan faɗi awon kowane ɓangare, da irin ƙarfen da za a yi amfani da shi, da abin da za a fara haɗawa. Ya koyar da yadda ake manna katako falle-falle don kada ya lanƙwashe, da yadda ake daidaita nauyin ƙafar da ke juyawa, da yadda ake goge toshiya da mazauninta tare har ruwa ya kasa ratsawa, da yin samfuri da takarda kafin a taɓa ƙarfe. A duniyar da gwani ke ɓoye sirrin sana'a don kada ya rasa abinci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙasar Zazzau ta san ɗaya hanyar. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, da bakan gizon da masana gine-gine ke zuwa kallo daga nesa. Iliminsa ta hannun zuriya da almajirai ya bi, daga ido zuwa hannu. Da irin wannan ilimi magina suka tayar da cocin St. Bartholomew ta Wusasa da ƙasa a 1929, lokacin da 'yan mishan suka fito daga cikin birni. Ilimin da ke tafiya haka yana da ƙarfi muddin ana aikin. Ranar da siminti da kwano suka kore shi daga kasuwa, sai ya fara bin tsofaffi zuwa kabari. Na'urorin al-Jazari ko ɗaya bai kai wannan zamani ba, amma injiniyan da bai taɓa ganin Amid ba ya iya tayar da agogonsa daga takarda bayan shekara 770.

Ana sanya rasuwarsa a 1206, shekarar da aka gama littafin. Sarkinsa ya ci gaba da ƙarfafa ganuwa, ya gina manyan hasumiyoyi biyu, Ulu Beden da Yedi Kardesh, wajen 1208, ya rasu a 1222. Shekara 10 bayan haka Sarkin Masar al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, ya karɓe Amid daga hannun zuriyarsa. Gidan da ya bayar da birnin shi ya ƙwace shi. Fadar ta rushe, sai a farkon shekarun 1960 masanin tarihi Oktay Aslanapa ya tono harsashinta, ya tarar da tafki mai ado da ƙananan duwatsu masu launi. Hisn Kaifa kuwa, wadda yau ake kira Hasankeyf, ruwan madatsar Ilisu ya shanye tsohon garinta a 2020.

Littafin ya fi su tsawon rai. Kwafi mafi tsufa, wanda Muhammad ibn Yusuf al-Haskafi ya rubuta a 1206, yana ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. Wasu kwafe biyu masu kyawun zane, na 1315 da na 1354, dillalai suka ciro shafuka daga cikinsu suka sayar falle-falle, shi ya sa wasu shafukansu ke warwatse a gidajen tarihin Turai da Amurka. Jamusawa biyu, Eilhard Wiedemann da Fritz Hauser, sun yi nazarinsa a farkon ƙarni na 20. Injiniya Donald Hill ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1974, Ahmad Yusuf al-Hassan kuma ya fitar da tataccen matanin Larabci a Halab a 1979.

Ƙyauren fadar Amid ya ɓace, amma akwai wanda ya yi kama da shi ƙwarai. Babban masallacin Cizre, a gaɓar Dijla, yana da ƙyaure na farkon ƙarni na 13 mai irin taurarin da ya zana, da maƙwanƙwasai biyu na macizai da kan zaki. A 1969 aka ɓalle ɗaya aka sace. Daga baya hukuma ta ɗauke ƙyauren da ɗaya maƙwanƙwashin zuwa gidan tarihi a Istanbul. Wanda aka sace yana Kofanhegan, a gidan tarihin da akwatin nan na Isfahan yake, Turkiyya kuma tana neman a mayar mata da shi. Kan zakin da ke riƙe da shi bai ciru ba, yana nan a jikin ƙyauren.